Alwalar La'asar a Gidan Tafki

Duk wanda ya saba shiga bas ɗin safe da ke tashi daga tashar Downtown ta miƙe Gate City Boulevard ya san Malam Mashud, ko da bai san sunansa ba. Shi ne direban nan siriri mai furfura a gemu, wanda ke isa kowace tasha a kan minti. Shekara goma sha bakwai ke nan yana wannan aiki. Masu jin Hausa a Greensboro sun mai da shi abin kwatance, har in mace na yi wa mijinta faɗa a kan makara sai ta ce ya je ya koyi zama mutum wurin Mashud. Mazan ba sa jin daɗin maganar, amma sun san gaskiya ce.

A Sabon Zongo na Kumasi, can ƙasar Gana, aka haife shi. Ubansa ladan ne, irin waɗanda ko zazzaɓi ke kaɗa su sai sun fita kiran asuba, kuma da bulala ya koya wa 'ya'yansa cewa lokacin salla ba ya jiran kowa. Mashud ya ci cacar bizar Amurka yana ɗan shekara ashirin da shida, ya sauka a North Carolina da jaka ɗaya, ya yi shekaru yana goge ƙafafun kujeru a wani kamfanin katako na High Point har kamfanin ya rufe. Daga nan ya koma tuƙin bas. A tsakanin nan ya auri Zakiya, 'yar Alhaji Sanda, suka haifi Fauzia da ƙannenta biyu. Ba mutum ne mai yawan magana ba, ba kuma mai abin hannu ba. Abin da yake da shi duka a duniya shi ne a ce an ba shi amana ya riƙe, kuma yana ji da wannan suna fiye da yadda ya kamata.

Surukinsa Alhaji Sanda mutumin Yeji ne, a bakin tafkin Volta ya tashi, kuma shekara talatin da ya yi yana sayar da tsofaffin motoci ba su cire masa son ruwa ba. Da ya ji tsufa ya kawo jiki sai ya sayi wani ɗan gidan katako a bakin tafkin High Rock, tafiyar awa guda daga gari. Ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗaki biyu a ƙasa, falo haɗe da kicin, ɗaki ɗaya da banɗaki a sama, sai 'yar gadar katako da ta shiga cikin ruwa. Inji ke jawo musu ruwa daga burtsatse. Wani tsohon Bature maƙwabci ne ya fara gaya musu cewa a ƙasar nan ba da makulli kaɗai ake rufe gida kafin sanyi ba, sai an zubar da duk ruwan da ke cikin bututu, domin ruwa in ya daskare kumbura yake yi ya tsaga ƙarfe. Mutanen da suka tashi inda ba a ganin ƙanƙara sai a firji, abin ya zo musu kamar tatsuniya. Mashud kaɗai ya nemi kwali ya rubuta: a kashe inji, a buɗe kowane famfo, a shiga ƙarƙashin gida a rub da ciki a buɗe bawul ɗin da ke zubar da ruwa, a bar shi a buɗe har bazara.

Saboda wannan kwalin Alhaji ya ɗora masa rufe gidan da buɗe shi, alhali yana da 'ya'ya maza biyu. Babban, Mohammed-Awal, mai haɗa magunguna ne, yana zaune a Sedgefield kusa da filin golf, kuma ba irin mutumin da zai shiga ƙarƙashin gida da farin wando ba ne. Autan kuwa, Aziz, ba a ba shi ajiyar ko allura. Ya bar makaranta sau biyu, ya kifar da motar gida sau ɗaya, sannan ya yi babbar wadda ta binne sauran: ranar da Alhaji ya rasu yana Atlanta da waya a kashe, aka yi jana'iza aka rufe tsoho babu shi. Uwarsu, Hajiya Nana Aisha, ta yi shekara biyu ba ta amsa gaisuwarsa da fiye da kalma ɗaya. Sai a bara ta fara saukowa, da ta ga yaron ya kama aikin ɗaga kaya a wani sito ya riƙe shi, yana kuma zuwa Juma'a.

To, a watan Nuwamban da ya wuce Mashud ya je rufe gidan shi kaɗai, kamar kullum. Ya bi kwalinsa layi layi, ya fito daga ƙarƙashin gida da yanar gizo a hula, bututu sun bushe ƙayau. Yana kakkaɓe jiki ya duba agogo ya ga la'asar ta fara nisa, ga shi kuma cikinsa ya matsa. Buta babu ko ɗigo, robar ruwan da ya zo da ita ya shanye. Tafki kuwa ga shi nan a gabansa, amma a wannan lokaci na shekara ja da baya yake yi ya bar taɓo mai kama ƙafa har gwiwa. Bature da ya tsinci kansa a haka, takarda zai yaga ya yi abin da zai yi ya kama hanya. Ɗan ladan kuwa ba ya tsarki da takarda, ba ya kuma taimama yana kallon famfo. Ya sake shiga ƙasa ya rufe bawul, ya rufe famfuna, ya kunna inji, ruwa ya cika gida daga ƙasa har sama. Ya kama ruwa, ya yi alwala, ya tayar da salla, da niyyar yana sallamewa ya sake zubar da komai.

Yana cikin tahiya waya ta fara ruri. Zakiya ce, tana kuka, wai jinin Hajiya ya hau ta faɗi a kicin, an wuce da ita asibiti. Mashud ya kashe babban makunnin wuta, ya ja ƙofa, ya shiga mota. A barandar asibiti ya miƙa wa Mohammed-Awal makulli, domin al'adar gidan ce makulli ya kwana wurin babba duk tsawon sanyi. Aka tambaye shi ko an rufe, ya ce an rufe, kuma Allah ya sani a ranar bai san ƙarya yake yi ba.

Hajiya ta warke. A farkon Disamba ana shirin wani suna aka buƙaci manyan tukwanen da ke gidan tafki, sai Hajiya da kanta ta ce a ba Aziz makulli ya ɗauko. Aike na farko ke nan da ta yi masa tun rasuwar ubansa. Ya je ya dawo da tukwane a wanke, ya mai da makulli a ranar, yana ta washe baki kamar wanda aka naɗa sarauta.

Sai ga wani sanyi a ƙarshen Disamba wanda tsofaffin garin ma suka ce sun jima ba su ga irinsa ba. Mashud na tuƙi da safe, rediyo na ba da labarin gidajen da bututunsu suka fashe, sai kawai ya ga kansa a kan dardumar gidan tafki, waya na ruri. Ya bi abin a ransa taki taki, daga sallamewa zuwa makunni zuwa ƙofa, ya nemi inda ya sake shiga ƙarƙashin gida ya rasa. A ranar, karo na farko a aikinsa, ya wuce tasha da mutum biyu tsaye suna ɗaga masa hannu.

Abin da ya dace ai a fili yake: ka je Sedgefield, ka ce wa Mohammed-Awal, Bra Awal, na yi mantuwa, ba ni makulli in duba. Tafiyar minti goma sha biyar ce daga gidansa. Amma Mashud ya yi wata biyar yana wannan tafiya a zuci. Sau biyu ya kai har bakin layin gidan, ya tuna yadda Hajiya ke nuna shi ga baƙi tana cewa ga wanda Alhaji ya zaɓa, sai ya juya kan mota. Ya ce bari azumi ya wuce, azumi ya wuce. Ya ce ai tunda wuta a kashe take babu abin da zai ƙaru, kuma wataƙila ma bututun sun jure. Tuwo ya daina shiga masa yadda ya saba, Zakiya ta ɗauka ciwon suga ne ta sa shi gwaji. Tsoro ne kawai, tsoron a ce yau Mashud ya yi sakaci.

Aka wayi gari Asabar ɗin hutun Memorial Day na ƙarshen Mayu, ranar da iyalin ke buɗe gidan kowace shekara su kwana biyu. Dabarar da ya ƙulla ita ce ya karɓi makulli tun Juma'a ya riga kowa isa, ya gwada ruwan shi kaɗai. Hajiya ta rushe masa ita da magana ɗaya, ta ce bana a motar Mashud za ta, don Awal gudu yake yi kamar wanda aka biyo. Ba a cewa suruka a'a. Haka suka jera mota uku, tasa a gaba, ta Mohammed-Awal a tsakiya, sai tsohuwar Hondar Aziz a baya cike da gawayi da kulolin shinkafa da wake da kwalaben shito, soyayyen yajin nan na Gana. Bana ce shekarar farko da aka gayyaci Aziz buɗe gida tun bayan rasuwar.

Duk tsawon hanya Hajiya na kujerar baya tana jan carbi tana yi wa Zakiya hira, hirar kuwa rabinta a kan direban ne, kamar ba ya cikin motar. Wai Alhaji ya taɓa ce mata in ya mutu ba ya jin komai a kan gidan nan muddin Mashud na numfashi. Mashud ya riƙe sitiyari da hannu biyu, gumi na bin bayansa duk da sanyin mota. Sau ɗaya ya buɗe baki, ya hango fuskarta a madubi, ya mai da abin tari.

Buɗe gidan yana da tsarinsa. Mashud zai zaga ya buɗe murafan tagogi ta waje, ya shiga ƙasa ya rufe bawul. Mohammed-Awal zai kunna wuta. A bar ruwa ya zuba har tsatsa ta wanke, sannan Hajiya ta yi alwalar farko a famfon kicin, ta buɗe ɗakin Alhaji da makullin da ke ɗaure a bakin zanenta, ta yi nafila a ciki ta yi masa addu'a. Sai bayan nan ake hura gawayi. Ɗakin nan yadda tsoho ya bar shi haka yake, da tabaransa da kujerarsa, da wani Alƙur'ani rubutun hannu a kan wata kantar katako, warƙa warƙa cikin gafakar fata, wanda kakan su Zakiya ya rubuta a Salaga.

Da Mashud ya ɗaga murfin tagar ɗakin Alhaji ya leƙa, sai idonsa ya kai sama. A silin, daidai saman kantar da gafakar take, ga wani tabo ruwan ƙasa mai faɗin faifai. Ta nan bututun banɗakin sama ya bi. Ya tsaya yana kallon tabon, yana jin muryar Aziz a bayan gida yana tsokanar yara, yana jin Hajiya na cewa a kawo mata kujera baranda ta miƙe ƙafa. Ko da bai ce komai a kan Nuwamba ba, da ya ce a fitar da gafakar nan kafin a kunna wuta, ai da an tsira da ita. Amma sai an tambaye shi dalili, dalilin kuma zai ja wani dalili. Ya ce a ransa ƙila rufi ne ya yi yoyo, ya saki murfin taga ya wuce.

Ƙarƙashin gidan akwai sanyi da warin ƙasa. Ya ja ciki har wurin bawul, ya haska da waya, ya same shi a rufe gam, yadda hannunsa ya bar shi. Wata biyar yana roƙon Allah ya sa ƙwaƙwalwarsa ce ta yi masa ƙarya. Ya kwanta a nan da kumatu a ƙasa. Ta saman kansa ya ji takun takalmi a kan katako.

"Mashud, ka gama? In kunna?" in ji Mohammed-Awal.

Nan ne wurin magana, kuma ya san nan ne.

"Kunna," ya ce.

Inji ya ɗauka. Mashud ya san injin nan kamar yadda ya san birkin bas ɗinsa: yakan yi gurnani minti biyu, in bututu suka cika sai ya yi tsit da kansa. Ya fito ya rufe famfunan da aka buɗe don tsatsa, bayan ruwa ya washe, ya koma ya tsaya a gindin baranda yana kallon agogo. Minti biyu suka wuce. Uku. Yara sun ruga gada, Aziz na sauke gawayi, Zakiya da matar Mohammed-Awal suna shimfiɗa ledar cin abinci, kowa na harkarsa, inji kuma na ta gurnani a bayan gida. A duk wurin shi kaɗai ya san ma'anar wannan ƙara. Mohammed-Awal ya zo wucewa da kula a hannu ya ce yau injin ya daɗe, Mashud ya ce iska ce a cikin bututu.

Minti goma sha ɗaya ya yi a tsaye. Ya ƙirga su, har yau yana iya faɗa maka abin da ya gani a kowanne. Sai da ya ga Hajiya ta miƙe tana naɗe hannun riga za ta shiga alwala, sannan ƙafafunsa suka sake shi. Ya ruga wurin makunni ya kashe. Kafin ya juyo ya ji salatin Zakiya daga falo, ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin Alhaji yana bin katako.

Hajiya ta kwance makulli daga bakin zane, Mohammed-Awal ya karɓa ya buɗe. Silin ya jiƙe ya ɓallo, ya faɗo a kan kantar gaba ɗaya, ruwa na ɗiga daga wani tsagaggen bututu mai tsawon ɗan yatsa. Gafakar na ƙasa a buɗe cikin ruwa. Rubutun malaman da, da tawadar gida ake yin sa, ita kuwa tawada ba ta shiri da ruwa. Hajiya ta durƙusa a cikin jiƙar ta ɗago warƙa ɗaya, baƙin ruwa ya bi yatsunta ya gangara gwiwar hannu. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce a kawo tabarma a shimfiɗa a rana.

Suka kwashe warƙoƙin suna jerawa a kan ciyawa, suna danne su da tsakuwa. Na tsakiya sun tsira da ɗan dama, na sama da na ƙasa sun zama toka-toka, ba ka gane alif daga lam. Mohammed-Awal ne ya fara miƙewa, ya goge hannu a wando, ya ce ruwa ba ya daskarewa a bututun da babu ruwa a ciki. Ya juyo ya kalli Mashud.

"Da ka shiga ƙasa ɗazu, bawul ɗin a buɗe ka same shi ko a rufe?"

"A rufe," in ji Mashud.

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta, kuma ya ga inda rabin ya nufa tun kafin ya rufe baki. Duk idanu suka koma kan Aziz. Wa ya shiga gidan nan bayan Mashud? Mutum ɗaya ne. Aziz na tsugune da warƙa a hannu, sai da ya ɗan jima kafin ya gane kallon da ake yi masa.

"Mma, wallahi tukwane kawai na ɗauka," ya ce. "Ko light ban kunna ba. Ban ma san inda bawul ɗin yake ba koraa, ko kaɗan."

Mohammed-Awal ya ce ai da tukwanen suka zo a wanke suke, da wane ruwa aka wanke su? Aziz ya ce a gidansa ya wanke. Yayan ya yi wata dariya mara daɗi, ya shiga zazzaga masa tun daga makaranta har motar da ya kifar, ya ce hali zanen dutse ne, wanda bai zo ya binne ubansa ba mene ne littafin kakansa a wurinsa. Zakiya ta ce ya isa haka, bai saurare ta ba. Aziz bai ƙara kare kansa ba, uwarsa kawai yake kallo. Ita kuwa ba ta ɗago ba, tana gyara tsakuwa a kan takarda ta ce laifinta ne da ta ba shi makulli. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya ajiye warƙar a hankali, ya tashi ya nufi motarsa ya fara sauke sauran kayan mutane daga ciki.

Mashud na tsaye a wurin duk aka yi wannan. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ba kunyar bututu ba, kunyar ganin yaron na ɗauke da kular abinci yana ajiyewa a ƙasa da ladabi. Wata biyar yana tsoron a san ya yi mantuwa, yanzu ga shi ya tsira sumul, babu mai zarginsa, kuma tsirar ta fi masa komai ɗaci. Ya cire hula, ya je gaban Hajiya ya durƙusa. Shekara goma sha tara yana auren 'yarta bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa cin abinci a gabanta ba. Ranar ya faɗa mata komai, da la'asar ɗin, da cikinsa da ya matsa, da wayar Zakiya, da tabon da ya gani ta taga, da minti goma sha ɗayan. Bai rage ko ɗaya ba.

Hajiya ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta ɗago, idanunta suka ciko a karon farko tun da aka buɗe ɗakin.

"Allah ya yi maka albarka, Baban Fauzia," ta ce. "Alhaji bai yi zaɓen banza ba. Har laifin wani za ka ɗora wa kanka don ka rufa wa ɗana asiri."

Mashud ya zaci bai ji daidai ba. Ya ce Mma ba rufin asiri ba ne, shi ne ya yi, hannunsa ne ya rufe bawul ɗin. Mohammed-Awal ya dafa masa kafaɗa ya ce chale, abokina, ka bari, kai da kake bin kwali layi layi shekara goma sha huɗu, yau za ka ce mana ka manta, kuma ka yi shiru wata biyar? Wannan ko yaro ba zai yarda ba. Mashud ya juya wurin Zakiya, ta sunkuyar da kai tana share hawaye, ya kasa gane ko ta yarda da shi ko tausayinsa take ji. Ya ɗaga yatsa zai rantse, Hajiya ta tare shi da tafin hannu.

"Kada ka rantse. Na hana ka. Ba za ka ɗauki kaffara a kan Aziz ba, ya ishe ni haka."

Ya sake buɗe baki, ta ce in yana ganin girmanta ya bar maganar nan a nan. Zakiya ta raɗa masa ya tuna hawan jinin Hajiya. Haka ya tashi daga gabanta da hula a hannu, ana bin sa da kallon girmamawa.

Ya tarar da Aziz ya gama sauke kaya, yana zaune a mota da ƙofa a buɗe, bai tayar ba. Daga inda yake ya ji duk abin da aka yi. Mashud ya tsaya a gefensa ya ce ya yafe masa, ya ce zai sake gaya musu gobe, da jibi, zai je wurin liman, ba zai bari ba sai sun yarda.

"Ni na yarda da kai, Bra Mashud," in ji Aziz. "Na san ban taɓa ba, to wa ya rage?"

"To ka zauna. Kada ka tafi a haka."

Aziz ya girgiza kai. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Da safe ya kamata ka faɗa. Da safe laifinka ne, kuma da sun yafe maka kafin azahar. Yanzu ya riga ya zama nawa."

Ya ja ƙofa, ya yi ribas a hankali don kada ya take kulolin da ya jera, ya hau titin tsakuwa ya bi cikin itatuwa. Babu wanda ya fito daga bayan gida ya kira shi.

Mashud ya daɗe a tsaye a wurin, ƙura ta kwanta, ƙarar motar ta ɓace. Yana jin yara a kan gada suna gardamar wa zai fara shiga ruwa. Can sai ga Zakiya ta zo ta tsaya a bayansa, ba ta matso sosai ba. Ta ce azahar ta yi, an shimfiɗa darduma a baranda, kuma Mma ta ce yau ba Bra Awal zai ja salla ba, shi take so ya shiga gaba.